An tura maigida aikin gandun daji nesa da Sakkwato: tambayoyin da ake yawan yi mana da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da mata ke ta maimaita mana, mu da munka riga su barin gida saboda aikin ga, wasu matan aure ne da diya, wasu ko baiko kawai anka yi, jefi-jefi har maza na tambaya. Na haɗa su wuri guda na fara da masu sauƙi. Yawancin misalan daga Gashaka-Gumti da Kainji suke don su na fi sani.

Wai ina ne ma ake tura su? Babu gandun dajin tarayya a Sakkwato?

Babu ko guda a jihar Sakkwato, haka Kebbi da Zamfara, don haka duk ɗan nan da ya samu aikin ga ya san barin gida ya kama shi. Tsofaffin gandayen da ke hannun hukumar tarayya mai kula da su, wato National Park Service, 7 ne, akwai na Tafkin Kainji a Neja da Kwara wanda shi anka fara kafawa a 1979, Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, Kamuku a Birnin Gwari, Chad Basin a Borno da Yobe, sai Old Oyo da Okomu da Kuros Riba can kudu. Yankari da kowa ya fi sani ba shi ciki, tun 2006 anka mayar wa gwamnatin Bauchi abinta. A ƙarshen 2020 gwamnatin Buhari ta amince da ƙarin 10, cikinsu har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina da fadamun Haɗeja, nan ma dai ba mu ciki.

Kar ki yarda da amsar "an tura ni Gashaka" kawai, ki tambaye shi wane sashe. Gashaka-Gumti ya haura murabba'in kilomita 6,000, shi ne mafi girma a ƙasar, can ne ma Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419 a kan iyakar Kamaru. Wanda anka ajiye ɓangaren Serti da wanda anka kai ɓangaren Gumti wajen Toungo ba rayuwa guda suke ba. Kainji ma kashi biyu ne, Borgu da Zugurma.

Ya za mu tabbatar takardar ɗaukar aikin ta gaskiya ce?

Hedikwatar hukumar tana Abuja kuma tun dokar 1999 aikin ya koma na masu kaki, akwai horo akwai tantance takardu. Duk wanda ya ce a tura kuɗi asusunshi don a fito da takarda to ku ja baya. Kar a sayar da fili ko zinarinki, kar ki ajiye naki aiki, sai shi da kanshi ya je ofis an karɓe shi an buɗe mashi fayil.

A cikin daji za mu zauna tare da namun daji?

A'a 'yar uwa, wanga shi ne abin da ya fi tada hankalin iyaye kuma ba haka abin yake ba. Iyali a gari suke zama, inda babban ofishin gandun yake ko wani gari na gefen daji, Serti in Gashaka ne, New Bussa in Kainji ne. Gari ne da kasuwa da masallacin Juma'a da makaranta da masu POS. Shi maigidan ne ake kaiwa sansanonin da ke bakin daji ko cikinshi, can kuwa ɗaki ne na kwanan ma'aikata, ba wurin mace da yara ba ne ko da wani ya ce maki ai ana maneji.

Abin da za ki sa a ranki tun yanzu shi ne kin bi shi ne don ku kusanci juna, amma kwanakin da za ki yi ke kaɗai da yara suna da yawa. Ki karanta amsar da ke ƙasa kan sintiri kafin ki yanke shawara.

In bi shi tun ranar farko ko in jira?

Ki jira. Wannan ita ce shawarar da ba ni sassautawa a kanta ko wa ya tambaye ni. Shi fara tafiya shi kaɗai, shi gama horo, shi ga inda anka ajiye shi, albashi ya fara shiga, shi samu ɗakin da ya gani da idonshi, in da hali ma damina ta same shi can ya ga yadda hanya take komawa. Sannan ke ki je ziyara ta sati biyu ko uku da jaka guda, ki shiga kasuwar ki ga asibitin ki sha ruwan garin, ki dawo ku zauna ku yi magana ta gaskiya. Gani ya kori ji.

Dalilina shi ne aikin nashi ne, shina da ofis da abokan aiki da kaki da abin da zai tashi dominshi kullum da safe, ke kuwa da kinka bar Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo kin bar uwa da 'yan uwa da maƙwabtan da kinka saba da kwastomominki da islamiyyarki, kin isa inda ba wanda ya san sunanki sai "matar renja", wato matar mai gadin gandu. Nauyin ƙaurar ga a kanki ya fi sauka, don haka lamurranki su ya kamata a fara daidaitawa kafin a ɗaure kaya, ba wai a je can a ga yadda za ta kasance ba.

Amarya sabon aure ita ce ta fi wuyar jira, na sani, ga dangi na cewa mi kike yi gida. Ko ita ɗin gara ta tare a Sakkwato tukuna a ɗan ɗakin da ya samu, daga baya ta bi shi.

Ana ba da gida ko haya za mu kama?

Kwatas akwai a wasu wuraren amma ba shi isar kowa kuma manya ake fara ba, sabon ma'aikaci shi ɗauka haya zai kama. Hayar ƙananan garuruwan nan ba ta kai ta cikin Sakkwato ba, sai dai samun gida irin wanda munka saba, mai katanga da zaure da banɗaki naki ke kaɗai, shi ne aiki. Gidan haya na tarayya ya fi yawa, tsakar gida guda, rijiya guda.

Abin da za shi duba kafin shi biya: ina ake samun ruwa da rani, kwanon rufi na yoyo ko a'a, ƙasan bango na tsatsafo da damina, akwai ciyawa ko juji jikin gida, netwok na kamawa cikin ɗaki ko sai an fita bakin titi, kuma su wa ke zaune gidan. Ni na fi son gidan da akwai dattijuwa ko iyalin wani ma'aikacin a ciki ko da ɗakin bai kai wani kyau ba, saboda daren da yaro zai yi zazzaɓi maigida na daji su ne za ki buga wa ƙofa. Wuta kuwa kar ku dogara da ta gwamnati, ƙaramar sola mai ƙwai biyu da wurin caji tana cikin kayan farko da za a saya.

Wace hanya ake bi, kuma wane lokaci ya fi dacewa a tashi?

In Kainji ne da sauƙi, Boɗinga, Tambuwal, Jega, Koko, Yauri, Kontagora sannan a karya zuwa New Bussa, wanda ya bar tasha da asuba in hanya ta yi kyau zai iya kwana can. Za a ce maku akwai yanke ta ruwa, ni dai da yara ba ni ba da shawarar shiga jirgin da anka cika ba rigar ruwa, ba mu manta wanda ya nutse kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, rayuka da yawa sunka salwanta.

Serti kuwa tafiya ce ta gaske, daga wannan kusurwar ƙasa zuwa waccan, Gusau, Funtua, Kano, Gombe, Numan, Jalingo, Bali kafin ki ga Serti, da yara ki lissafa kwana biyu ko uku ki yada zango inda kike da 'yan uwa. Kar a yi tafiyar dare musamman tsakanin Gusau da Funtua. Lokaci mafi kyau daga Disamba zuwa Fabrairu, don can ruwa na sauka tun wajen Afrilu lokacin da mu nan muke tsakiyar zafin bazara, kuma ba shi ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba.

In kwashi kayan ɗakina duka?

Kar ki fara. Gado da kabet da jeren da iyaye sunka sha wahalar yi maki ki kulle su ɗaki a gida, kuɗin motar da za ta kai su Taraba zai sai maki wasu can, ga karyewa a hanya, ga shi kuma ana iya sake mashi wurin aiki kowane lokaci. Katifa, gidan sauro, tukwane, risho ko ƙaramin gas, tocila mai kyau guda biyu, bargo da rigunan sanyi na yara, takardunku duka cikin leda.

Wani abu da ba wanda ke gaya wa 'yar Sakkwato shi ne raɓa da danshi. Mu mun saba ki shanya zane kafin ki gama wanke na biyu na farko ya bushe, can da damina sai ki buɗe akwatin lefe ki tarar atamfa na warin ruma, takalmin fata da jaka sun yi funfuna fari-fari har cikin zif, kilishi da kuka da daddawar da kinka taho da su in ba cikin roba mai murfi suke ba sati biyu sun lalace. Duk ranar da rana ta fito ki fitar da kaya su sha iska, kar ki jingina akwati da bango, ki ɗora shi kan katako. Gero ma ba ko'ina za ki same shi da arha ba, masara da doya da rogo sun fi yawa, mai son fura ta taho da abinta.

Maganar tsaro fa? Gaskiya nike so.

Gaskiyar ita ce aikin na da haɗari, kuma haɗarin ya fi fitowa daga mutane ba daga dabba ba. Mafarauta masu bindiga, masu saran madobiya wadda a Taraba suke ce wa madrid, masu haƙar ma'adinai ba izini, da rikicin kiwo cikin gandu, an sha rasa ma'aikata a bakin aiki. Kamuku na cikin yankin Birnin Gwari da kowa ya san halin da ya shiga da 'yan bindiga, dajin Kainji ma a shekarun nan masu ɗauke da makamai sun samu mafaka a wasu sassanshi, Chad Basin kuwa ba sai na faɗa ba. Mu 'yan Sakkwato da munka ga abin da ya faru a Isa da Sabon Birni ba za a koya mana wannan ba.

Don haka kar ku yi hukunci da labarin bara, shi tambayi abokan aikin da ke zaune can yanzu ko su sun ajiye iyalinsu a garin. In su da kansu sun mayar da matansu gida to amsa ta fito. Ke kuma in kin je, ranar fitar su sintiri da inda sunka nufa ba zancen bakin rijiya ba ne, ko a waya da 'yan gida ki taƙaita, kar ki sa hotonshi da kaki da bindiga a sitatus.

Kwana nawa shike yi a sintiri, kuma ya ake da kaɗaici?

Ya danganta da sashe da lokaci, wani fitan kwanaki ne wani ya haura sati, kuma a mafi yawan dajin ba netwok, za ki kira ki ji a kashe kwana da kwanaki ba don wani abu ya faru ba. Ku yi yarjejeniya tun kafin shi fita, ranar da ake sa ran dawowa, da lambar wani a ofis da za ki kira in ranar ta wuce. Ki riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. In ya dawo kuma ba hira zai fara ba, zai shigo da kaki jiƙe da laka har gwiwa, ƙafa ta yi fari saboda kwana cikin takalmi, kaska maƙale a ƙwauri da bayan gwiwa sai an bi da tocila an cire, ki ba shi ruwan zafi da abinci shi yi barci, maganar kuɗin makaranta ta jira gobe.

Watannin farko suna da wuya ƙwarai, kamar dashen albasa ne, sai ta kwanta ta yi yaushi kafin saiwa ta kama. Abin da ke taimako shi ne ki samu abin fita na dole, islamiyyar matan aure, adashen matan ma'aikata, zuwa suna da gaisuwar rasuwa ko ba ki san mutanen sosai ba. A Taraba da Adamawa Hausa na tafiya ko'ina amma ki koyi gaisuwa da Fillanci, za ki ga yadda fuska ke sakewa, kuma da sun ji daga garin Shehu kike akwai wata girmamawa ta daban, ai Modibbo Adama daga hannun Shehu Usmanu ya karɓi tuta. In kuwa abin ya wuce kewa ya koma rashin barci da kuka kullum da ƙin cin abinci, ki faɗa mashi ki faɗa wa ma'aikacin lafiya, kar ki ce kunya.

Ina aiki ko karatu a Sakkwato, in ajiye?

Kar ki ajiye da baki, kuma kar ki ɓace kawai. Aikin jiha ko na ƙaramar hukuma, koyarwa ne ko asibiti, ba shi bin ki wata jiha kai tsaye, ki rubuta neman hutu ba albashi ki karɓi amsa a rubuce ki adana. Mai aikin tarayya ta fi samun sauƙin neman canji in ma'aikatarta na da ofis kusa. Mai bautar ƙasa kuwa NYSC na ba matar aure damar komawa jihar da mijinta yake in ta kawo shaidar aure.

In saura shekara guda ki gama jami'ar Danfodiyo ko kwalejin Shehu Shagari, wallahi ki tsaya ki gama, shekara guda ba komai ba ce a kan takardar da za ta yi maki amfani har tsufa. Mai son ci gaba daga can akwai jami'ar NOUN da ake karatu daga gida a je cibiya jarabawa, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Bali, New Bussa kuma na da kwalejin tarayya ta kula da namun daji da ta kiwon kifi.

Wace sana'a zan iya yi can?

Ɗinki, kitso da lalle, turaren wuta da humra, yaji da man shanu, koyar da yara karatu da yamma, duk suna tafiya, kuma abin da ya fito daga Sakkwato irin su albasa da tafarnuwa da takalman fata na da masu so in kin samu direban da kinka yarda da shi. Ki fara kaɗan ki ga abin da garin ke nema.

Amma akwai abin da matar ma'aikacin gandu ba ta taɓawa ko da riba ta kai mi: naman daji, katako, gawayi ko zuma da ba ki san daga inda sunka fito ba. Doka ta hana farauta da sara da kiwo cikin gandu, ranar da anka ga banda a kicin ɗinki aikinshi ne a kan layi. Haka kyauta, wata za ta shigo da ƙwaryar nono ko kaza da fara'a, sai bayan kwana biyu ki ji ashe shanunsu anka kama ko ɗanta ke tsare, ana so ki sa baki. Wanga shi ne wuri mafi wuya a zaman, domin wanda mijinki ya kama jiya ƙanin maƙwabciyarki ne kuma gobe tare za ku ɗebi ruwa. Ki yi mu'amala da kowa da mutunci, ki riƙe kalma guda, "ni ba ni shiga maganar aikinshi", kuma duk abin da anka kawo ki gaya mashi kafin ki taɓa.

Wane ciwo ya kamata mu yi wa shiri?

Zazzaɓin cizon sauro na farko, nan gida da damina yake tsananta, can kuwa daminar doguwa ce, gidan sauro kowane dare ba fashi. Bakin koguna akwai ƙananan ƙudaje masu kawo makanta, shi ya sa ake rabon maganin Mectizan duk shekara, in an zo ku karɓa, amma ban da mai ciki da ƙananan yara. Akwai tsando a daji, akwai zazzaɓin Lassa da ɓera ke yaɗawa, abinci a rufe kullum. Ruwan rafi a tafasa.

Maciji kuwa, kububuwa da kasa da gamsheƙa duk akwai. Ba a fita da dare ba tocila, a zazzage takalmi kafin a sa, a nome ciyawar jikin gida. In tsautsayi ya faru kar a tsaga wurin kar a tsotsa kar a ɗaure tamau, a hana ƙafar motsi a nufi asibiti, kuma tun ranar da kunka sauka ku tambayi wane asibiti ne mafi kusa da ke ajiye allurar dafin maciji. Na Kaltungo a jihar Gombe shi ya yi suna a wannan fanni amma daga Serti da nisa. In akwai mai sikila ko asma a gidan ku je ku ga likitanshi a asibitin koyarwa na Danfodiyo (UDUTH) ko asibitin Specialist kafin a tashi, sanyi da danshi da nisan babban asibiti ba ƙaramin abu ba ne gare su, wani lokaci wannan kaɗai ya isa a ce yaron shi zauna gida. Inshorar lafiya ta NHIA na ɗaukar ma'aikaci da matarshi da diya 4 'yan ƙasa da shekara 18, shi tabbatar an sa sunanku kuma an mayar da asibitinku zuwa na kusa da inda kuke.

Ina da ciki, in haihu can ko in dawo gida?

In haihuwar fari ce, ko an taɓa yi maki aiki, ko kina da hawan jini ko an ce tagwaye ne, ki dawo gida da wuri tun cikin bai tsufa ba, kar ki bari sai watan haihuwa ki hau wannan doguwar hanya da na faɗa a sama. Dama al'adarmu ce a zo wanka gida, ga Inna ga asibitin Maryam Abacha ga UDUTH kusa. Wadda ta saba haihuwa lafiya kuma ta zaɓi zama, ta fara awo da wuri, ta san mai motar da za a kira da tsakar dare, a san mai ba da jini, a kawo wata babba daga gida ta zauna da ita. Ma'aikacin tarayya na da hutun kwana 14 in matarshi ta haihu, tun 2021 anka amince da shi, shi nema da wuri don kar ranar ta same shi a daji. Katin awo da na rigakafin yara duk inda za ki suna cikin jakarki.

Makarantar yara fa?

Ƙanana ku tafi da su, firamare da islamiyya ba su gagara, sai dai ki ƙara da naki koyarwar a gida. Wanda ke aji 3 na ƙaramar sakandare ko ajin ƙarshe mai shirin WAEC da NECO kar a tumɓuke shi, shi zauna wajen kakanni ko baffa har shi gama, haka mai hadda da ya yi nisa wajen malaminshi. Ku karɓi takardar canjin makaranta da sakamakon zangon ƙarshe kafin ku tashi.

Mu biyu ne wajenshi, wa za ta bi shi? Kuma in iyayena sun ƙi fa?

Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in zai yi tafiya ƙuri'a yake yi tsakanin matanshi. Amma wannan zama ne na shekaru ba tafiyar sati ba, don haka yawancin gidaje karɓa-karɓa suke yi, wata ta yi watanni ta dawo wata ta je, ana duba mai ciki da mai 'yan makaranta. Ko mi anka shirya a yi shi a gaban kowa, kuma a je wajen malamin da ya san gidan don haƙƙin kwana da ciyarwar wadda anka bari kar shi salwanta. Wadda ke gida ma tana da haƙƙin ganin mijinta, an ruwaito Sayyidina Umar ya hana a riƙe mayaƙa nesa da iyalinsu fiye da wata 4, a wata ruwayar 6.

Iyaye kuwa tsoro ne ke sa su ƙi, kuma tsoron na da dalili. Maigida shi je da kanshi shi zauna gaban Baba, shi faɗi sunan garin da unguwar da mai gidan hayar da asibitin, in da hali wani yayanki shi raka ki ziyarar farko ya dawo ya ba da labari. Malamanmu ma da sunka yi maganar miji shi tafi da matarshi wani gari sun sa sharaɗin aminci a hanya da wurin zama, don haka ki koma amsar tsaro ku auna da gaskiya.

Ni namiji ne, matata ce ta samu aikin. In bi ta?

Malam, duk abin da na faɗa wa mata ya hau kanka, ka fara zuwa ka gani, kar ka rufe shagonka na kasuwa sai ka san abin da za ka yi can. Mai ɗinki, mai gyaran waya ko sola, direba, malamin makaranta ba su rasa abin yi. Za ka sha magana daga abokai, wannan kam babu makawa, amma mace ita kaɗai a baƙon gari da aikin kaki tana buƙatar nata a kusa. Tana da hutun haihuwa na sati 16 a aikin tarayya, ku lissafa da shi.

Ya maganar kuɗi take a watannin farko?

Sabon ma'aikaci kan yi watanni kafin sunanshi ya hau IPPIS, tsarin biyan albashi na tarayya, albashi ya fara zuwa, daga baya a biya bashin, wannan na cikin dalilan da na ce ki jira. A ƙa'idar aikin gwamnati akwai alawus na kwana 28 na farko ga wanda anka tura sabon wuri, shi rubuta shi nema amma kar ku ci bashi da sunan alawus ɗin don ba a san ranar fitowarshi ba. Ana cire kashi 8 cikin 100 na albashi don fansho. Ku tuna gida biyu za ku riƙe na ɗan lokaci, ga kuɗin mota duk Sallah ko rasuwa, kuɗin zuwa Sakkwato da dawowa na iyali duka ya kamata a ware shi gefe kar a taɓa. Ki riƙe tsabar kuɗi kaɗan a gida, wanda ya ga wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 a ƙauye ya san ranar da netwok ya ɗauke POS ba shi da amfani, kuma kafin shi shiga daji shi bar maki na cefane da na asibiti a hannunki ko asusunki, ba a katinshi da ke aljihunshi ba.

In mun je zaman bai yiwu ba fa?

Sai ki dawo, ba abin kunya ba ne kuma ba mutuwar aure ba ce, gidaje da yawa haka suke, iyali na Sakkwato maigida na zuwa da hutu, mai matakin albashi na 7 zuwa sama na da kwana 30 a shekara, ke kuma ki riƙa zuwa da rani lokacin hutun makaranta. Shi ya sa na ce a bar kayan ɗaki a gida kuma a nemi hutu a rubuce maimakon ajiye aiki. Tun kafin ku tashi ku sa lokaci, misali bayan damina guda, da za ku zauna ku duba lafiyar yara da karatunsu da halin da ke kanki kike ciki.

In shi ne ke son a matso da shi kusa, shi rubuta takardar neman canjin wuri ta hannun shugaban gandun da yake, shi haɗa da takardar likita in dalilin rashin lafiya ne, shi riƙe kwafi mai hatimin karɓa, shi ci gaba da zuwa aiki har amsa ta fito. Barin bakin aiki ba izini a aikin kaki laifi ne da ke kai wa ga kora.